Ƙasar Sawun Muttaka

Muttaka ya biyo ta gona ne bayan an tashi daga makaranta, don ya duba inda gulbi ya cinye masa a daminar bara, sai ya tarar da wata budurwa durƙushe a bakin gaɓa tana tonon ƙasa. Hijabi ne a jikinta ruwan toka, ta ɗaure gefensa kada ya dame ta, ga 'yar hauya a hannunta, ga fararen ledoji jere a gefe. Can ƙarƙashin gawo kuma wani magidanci na zaune a kan mota yana fifita da hularsa, don bazara ta kai bazara.

Ya kashe babur ya ƙaraso da niyyar faɗa. Tsakani da Allah ya shirya maganganu masu zafi tun daga bakin hanya, amma da ta ɗago ta amsa sallamarsa, ko ɗaya bai sake tunawa ba.

"Sannu da aiki," ya ce a hankali. "Mi aka biɗa cikin gonarmu?"

"Kai ne mai gonar? Ka yi haƙuri, mun biya wurin mai gari ya ba mu izini, anka ce kana makaranta. Sunana Naja'atu, daga Kaura. Wancan yayana ne, Abdulrashid. Jogirafi nika karantawa a jami'ar Sakkwato, kuma aikina na shekarar ƙarshe bisa gaɓar ga ne. So nike in gano abin da ya sa gulbi ke cin ta haka."

"Ai ruwa ba shi da linzami," in ji Muttaka.

Ta yi murmushi ta miƙe, ta nuna masa yadda gulbin ya yi gwiwa daidai gonar. Ta ce idan ruwa ya zo kwana, ƙarfinsa a bayan kwanar yake taruwa, nan yake ƙwaƙule gindin gaɓa har saman ya rufto. A cikin kwanar kuwa lallaɓawa yake yi, ya sauke yashin da ya kwaso. Shi ya sa gonarsu ke raguwa, ta tsallake na ƙaruwa. Muttaka malamin firamare ne, kuma a bakin gulbin nan aka haife shi, amma ba a taɓa yi masa bayanin maƙwabcin nasa haka ba. Ya saki baki yana saurare, rabi darasin yake ji, rabi muryar.

"Malam, ɗan matsa baya," ta ce. "Kana tsaye bisa inda nika so."

Ya matsa. Ta kafa hauya daidai inda sawunsa ya fito a kan ƙasa, ta kwashe ta zuba a leda, ta ƙulle bakin, sannan ta ciro biro.

"Wane suna zan rubuta? Kowace leda sai da sunan gonar."

"Muttaka. Amma muna da yawa a Birnin Tsaba. Rubuta Muttaka na Inno, da shi kowa ya san ni."

Ta rubuta. Babu wanda ya lura a cikinsu da Saude, maƙwabciyar su Muttaka, wadda ta tsaya bayan kalgo da ƙunshin itace a ka, ta ga komai tun daga ɗibar ƙasar har rubuta sunan.

Kafin su tafi ya taya Abdulrashid loda ledojin a but ɗin mota, ya kuma tambaye shi kwatancen gidansu, wai ko za a buƙaci ƙarin bayani game da gonar. Abdulrashid direba ne, ya sha ganin masu irin wannan ƙarin bayanin a hanyar Kaura zuwa Zurmi. Ya yi dariya kawai ya ce bayan tashar jirgin ƙasa, a tambayi gidan Malam Ladan.

Lokacin shari'a ba ta daɗe da kafuwa a Zamfara ba, saurayi mai mutunci sai ya nemi izini tukuna a ba shi zaure bayan la'asar. Da Muttaka ya nema, mahaifinta Malam Ladan, tsohon ma'aikacin reluwe, ya yi bincikensa ya ji yaron maraya ne mai riƙon uwa, ya ba shi izini da sharaɗi guda, cewa karatun ɗiyarsa ba abin taɓawa ba ne. Tun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ya ƙudurta a ransa cewa sabuwar jiha sai da 'ya'yanta masu sanin ƙasarta, kuma har da tasa a ciki.

Da hutu ya ƙare ta koma Sakkwato, Muttaka ya sayi waya. Abin dariya ne, don a Birnin Tsaba babu sabis ko na rantsuwa. Sai ran Asabar ya hau babur har Kaura Namoda, yana shiga gari saƙonnin mako su faɗo masa a jere, ya faka a gindin dalbejiya yana karantawa yana murmushi shi kaɗai.

"Mai gona, barka da hutun mako. Yau an koya mana yadda ake gane tsufan gulbi daga kwane-kwanensa. Naku dattijo ne, shi ya sa ba ya son miƙewa. Ledojinka suna ɗakin gwaji suna jiran layi ya zo kaina. Don Allah ka riƙa cin abinci."

Shi kuwa sai ya goge ya sake, ya goge ya sake, kafin ya tura nasa.

"Malamata, na ɗauki darasi. Ni dai tun ranar da kika ce in matsa baya na kasa matsawa ko'ina. Gonar tana gaishe ki, amma mai gonar ya fi ta kewa."

So ba ya ɓuya. Muttaka ya koma mai barin tuwo a kwano, a kira shi sau biyu kafin ya amsa. Mahaifiyarsa Inno tana gani tana kawar da kai, har ranar da ya ce mata yana so a tura manya Kaura. Labari ya tsallaka katanga. Saude dama ta daɗe tana yi wa ɗiyarta Salima sha'awar Muttaka, kuma ta ajiye abin da ta gani a gona kamar yadda ake ajiye daddawa, sai ranar miya. A ranar ta shigo da sallama, ta daɗe a ɗakin Inno.

Da la'asar Inno ta kira shi.

"Zamna, Muttaka. Yarinyar ga ta Kaura, gaskiya ne ta ɗebi ƙasa inda ka taka?"

"Ta ɗiba, Inno, amma ai..."

"Ta rubuta sunanka?"

"Ta rubuta."

"Da nawa sunan?"

Sai a lokacin ya kalli al'amarin da idon Inno.

"Ƙasar sawu, da sunan mutum, da sunan uwarsa," ta ce. "Wanda ya tahi wurin boka don ya mallake wani, mi aka ce ya kawo in ba waɗanga ba? Dubi kanka. Tuwo ba ka ci, magana ba ka ji, Asabar ta yi ƙafarka na ƙaiƙayi. Da haka kake?"

Abin haushi, duk abin da ta lissafa gaskiya ne. Ya yi bayanin ɗakin gwaji, da rariyar da ake tace ƙasa a ware yashi da laka, da ma'auni. Ya rantse shi da bakinsa ya ce a rubuta sunanta. Inno ta ce ai haka abin yake, wanda aka yi wa shi ke fara kare mai yin. Ba masifaffiya ba ce Inno. Tsoro ne ya kama ta, tsoron macen da ta binne miji, ɗa namiji guda ya rage mata.

"Ban ƙi ɗiyar kowa ba," ta ce. "Amma ban haihe ka don a ƙulle min kai cikin leda ba. A maido min ƙasata dut, ko ƙwaya kar ta rage. In an maido, ka zamna gida har kaka, ba Kaura ba waya. In abin ya sake ka, mun gane. In bai sake ka ba, sai mu ga abin da Allah ya yi."

Maganar ta riga shi isa Kaura, don fasinjoji ba su da aikin da ya wuce wannan. Malam Ladan ya hau dokin zuciya, ya ce yanzu akwai shari'a a ƙasa, duk wanda ya kira ɗiyarsa mai asiri sai ya maimaita gaban alƙali, ko da tsohuwa ce. Da ƙyar Naja'atu, wadda ta taso daga Sakkwato jin labarin, ta roƙi a bar su su gana a zaure, Abdulrashid na zaune a bakin ƙofa.

Muttaka ya san abin da yake shirin roƙa. Damina ta riga ta sauka, ruwa ya haye gaɓar da ta tona, ba za a sake ganin wurin ba sai rani. Layin gwajinta kuma mako mai zuwa ne. In ƙasar ta bar Sakkwato, aikinta ya rushe, sai wata shekara. Kunya ta hana shi duban fuskarta.

"Malamata," ya ce ƙasa-ƙasa, "ƙasa ai ƙasa ce. Mu cika ledoji nan bayan gidanku mu kai mata. Inno ba ta ganewa."

Ta dube shi.

"Mai gona, ana zargina da ƙulla maka abu a ɓoye, sai in wanke kaina da wani ƙullin? In na shiga gidanku da ƙarya, da wane ido zan riƙa gaishe ta kowace safiya?"

"Shekara guda ce hwa, Naja'atu. 'Yan ajinku za su hita su bar ki."

"Na sani. Na yi kukana cikin mota, na gama." Idanunta kuwa ba su gama ba, ta sa gefen hijabi ta goge. "Gulbi zai janye da rani, ƙasa tana nan ba inda za ta. Amma in Baba ya tsai da mahaifiyarka gaban alƙali, babu ranin da zai gyara wannan. Abu guda nika roƙonka, kar ka gaya mata abin da na rasa. In za ta yarda da ni, ta yarda don ta ga gaskiya, ba don tausayi ba."

Ya yi mata alkawari. A lokacin ya ji sonta ya kai inda bai san zuciya na da shi ba, kuma ya ji ya tsani kansa da ya kawo mata waccan shawarar.

Malam Ladan ya janye maganar ƙara saboda roƙon ɗiyarsa, amma ya tare Muttaka a ƙofar gida. "Sharaɗi guda na gindaya maka," ya ce, "kuma shi anka taɓa. Zauren ga ya rufe."

Abdulrashid ne ya kawo ledojin Birnin Tsaba, ya sauke su ko ruwa bai tsaya sha ba. Inno ta sa aka kai mata su bakin gona. Da hannunta ta kwance kowace ɗaya, tana bisimilla tana juyewa a ruwan da ya rufe gaɓar, sannan ta tara ledojin ta cinna musu wuta. Da suka dawo gida ta karɓi wayar ta jefa cikin wata kwalla a jerenta, ta rufe.

Daga nan sai jira. Inno ta karɓo rubutu wurin liman, Muttaka ya sha ba musu. Ta yi tofi a ruwa, ya shanye. Salima ta riƙa shigowa da fura ko dambu, yarinya mai hankali wadda ba ruwanta da shirin uwarta, ya yi mata godiya kamar yadda ake yi wa ƙanwa. Bai yi wa Inno fushi ba, bai rage mata gaisuwa ba. Yana zuwa makaranta, yana noma, yana sallarsa a jam'i. Sai dai ran Asabar ya wanke babur tas, ya goge, ya mayar da shi zaure.

Ita kuwa Inno ta zuba masa ido. Kullum tana duba kwanonsa, tana duba wuyan rigarsa, tana jiran ranar da zai tashi garau ya ce ina ruwansa da wata 'yar Kaura. Gero ya yi kai, ya nuna, aka girbe. Dawa ta bi baya. Ranar ba ta zo ba.

Wata yamma da kaka tana ɓarar wake a tsakar gida, ya zo ya zauna yana taya ta.

"Muttaka," ta ce ba ta ɗago ba, "har yanzu?"

"Har yanzu, Inno."

"Ko kaɗan bai ragu ba?"

"Ƙaruwa ya yi."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Ƙasa ta koma inda ta hito, leda ta ƙone, liman ya yi nasa, ni ma na yi nawa. To wanga ba aikin mutum ba ne, na Allah ne." Ta ɗago ta dube shi. "Yarinyar ta ƙare karatun nata?"

Ya sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, ya ga tunda ta riga ta yanke hukuncinta, alkawarinsa ya cika. Ya gaya mata duka, har da shawarar da ya kawo ta ƙasar bayan gida, da amsar da aka ba shi.

Hannun Inno ya tsaya cikin waken.

"Ta san haka za a yi?"

"Ta sani."

"Kuma ta maido."

"Ta maido, Inno."

Tsohuwar ta yi kuka marar sauti, na kunya da nadama. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ya ji ƙarar murfin kwalla. Ta fito ta ajiye masa wayar a kan gwiwa ta ce ya nemo mata mota da safe.

Suna shiga Kaura ya tsaya aka ɗan sa wa wayar caji a tasha. Yana kunna ta saƙonnin damina guda suka yi ta faɗowa. Biyu ne suka tsaya masa a rai.

"Mai gona, na san ba yanzu za ka gani ba. Yau 'yan ajinmu suka miƙa aikinsu. Na taya su murna, na dawo ɗaki na yi shiru. Ban yi nadama ba."

Na ƙarshen kuwa ko sunan da ta saba kiransa babu.

"Muttaka, Yaya ya ji a mota ana cewa an sa ranarka da Salima. In gaskiya ne Allah ya sanya alheri, ka bi mahaifiyarka. Ba sai ka ba ni amsa ba."

Wannan karon bai goge ko harafi ba.

"Malamata, ƙarya ne. Ga ni a tasha, kuma ba ni kaɗai ba ne. Ki shimfiɗa tabarmar baƙi."

Malam Ladan na zaune a zaure suka yi sallama. Ya amsa a daƙile, ganin wanda ke tafe. Inno ba ta jira an ba ta wuri ba, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Malam, ni ce uwar Muttaka. Ni na ɓata sunan ɗiyarka, ni na ci mata shekara. An ce alƙali kaka so, to ga ni, na kawo kaina."

Duk fushin da dattijon ya tara tun farkon damina sai ya rasa inda zai sauke shi. Ya ce ta tashi don Allah, ba girmanta ba ne. Ya ja carbinsa, sannan ya ce suna ana wanke shi, amma shekara ba ta dawowa, saboda haka babu maganar ɗaurin aure sai yarinya ta karɓi sakamakonta.

"Ko ba ka ce ba ni zan ce," in ji Inno. "Gona kuwa tata ce, ta tona har ta gaji."

Naja'atu ta fito da ruwa a kofi, ta rame ita ma, ta durƙusa za ta gaishe da baƙuwa. Inno ta kamo hannunta ta zaunar da ita a gefenta, ta daɗe tana kallonta.

"Ɗiyata, ki yahe mani."

"Inno, ba ki yi mani komai ba. Ɗanki kika tsare."

Muttaka na can gefe kamar ba shi ba. Da ta tashi za ta koma ciki ta gifta ta kusa da shi, ta ce yadda shi kaɗai zai ji, "Mai gona, na ce ka riƙa cin abinci."

Da rani gulbi ya janye, Naja'atu ta dawo da hauyarta da ledojinta, Inno ta aika mata da fura har bakin gaɓa. Ta koma Sakkwato ta zauna da 'yan ajin da ke bayanta, ta tace ƙasarta ta auna, ta rubuta aikinta. Da sakamako ya fito Malam Ladan ya zagaya da shi unguwa kafin ita kanta ta riƙe shi da kyau. Bayan sallah ƙarama aka ɗaura aure a Kaura Namoda, 'yan uwa suka zo daga Zurmi da Shinkafi har da Jangeru.

Da yamma aka kawo amarya Birnin Tsaba. Tsakar gida ta cika da mata, har da Saude da ta zauna can kusa da randa. Muttaka na zaure da abokansa sai ya ji guɗa ta tsaya, muryar Inno ta tashi.

"Ku saurara. Cikin gidan ga na ce yarinyar ga ta yi wa ɗana asiri, kuma kun ji, wasu sun kai gaba. To cikin gidan ga nika janyewa, ku kai wannan ma inda kunka kai wancan. Na gwada ta da abin da ni kaina ban iya ɗauka, ta ɗauka ba ta ce uffan ba. Daga yau wanda ya taɓa ta ni ya taɓa."

Sai guɗa ta ɓarke fiye da ta farko. Abokai suka juyo suna shirin tsokanar ango, suka ga ya kifa hula a fuska, sai suka ƙyale shi.

Ta cikin katanga yana jin Inno na sa albarka, tana roƙon Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai jin ƙai, ya sa ilimin Naja'atu ya amfani garin da ya karɓe ta. Mata suna amsawa da amin, shi ma yana amsawa a ƙarƙashin hularsa.